HATSARIN MOTA A DAMARGU: AN ƊAUKE MAGANAR LAIFI, SAURA MAGANAR TAKARDA

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kwalta a Bakin Birji ko Sabon Kafi ranar kasuwa ya san irin nauyin da hanyar Damagaram zuwa Agadas take ɗauke da shi. Ga manyan motoci masu nufar arewa da hatsi, ga tankokin mai da ke fitowa daga matatar da aka buɗe cikin ƙasar Olelewa a 2011, ga motocin haya da mutane zaune har bisa buhuna, ga babura, ga amalanke, ga garken raƙuma da ba ruwansu da ƙahon mota. Hanya ɗaya ce, kowa kuwa yana da rabo a cikinta. Ranar da tsautsayi ya auku, magana biyu aka saba ji a bakin jama'a: wannan ya ce ƙaddara ce, wancan ya ce laifin wane ne. Daga nan sai a kwashi wanda ya ji ciwo, a yi ma wanda ya cika sutura, dattawa su zauna, mai mota ya kawo abin da ya sawwaƙa na gaisuwa, a ce an yafe, a watse.

Muna so mu tuna ma jama'ar gundumomin Tanut da Belbeji, da hukumomin da ke riƙe da su, cewa dokar inshora, wadda direbobinmu suka fi sani da asirans, ta raba maganar diyya da maganar laifi tun 1995. Fasinja da mai tafiya a ƙasa ba su da bukatar su nuna cewa direba ya yi ganganci kafin a biya su. Wannan ci gaba ne babba, kuma ba mu raina shi ba. Amma abin da ke faruwa a Damargu shi ne an sauke ma talaka kaya ɗaya an ɗora masa wani. A da sai ya kawo shaidar laifin direba, yanzu kuwa sai ya kawo takardu, ga shi a wannan yanki takarda ta fi shaida wuyar samu.

Bari mu soma daga tushe. Kafin wannan doka, wanda mota ta raunata yakan bi tsohuwar dokar farar hula da muka gada daga Faransa. Ya kai ƙara, a yi ta jayayya a kan wa ya yi sakaci, direba ko wanda aka kaɗe. Idan aka ga shi ma yana da hannu, sai a rage masa ko a hana shi baki ɗaya. Shari'a takan ci shekaru, alƙali kuma shi ke yanke kuɗin gwargwadon abin da ya ga ya dace, har ya zamana mutum biyu masu rauni iri ɗaya, wani ya tashi da miliyoyi wani ya tashi hannu rabbana. Su kuma kamfanonin inshora a cikin shekarun 1980 suka yi ta kukan cewa hukunce-hukuncen kotu na neman durƙusar da su. A 1989 Kamaru da Togo da Kodibuwa suka yi dokokinsu masu ƙayyade kuɗin diyya. Ranar 10 ga Yuli 1992, a birnin Yawunde, ƙasashen da ke amfani da kuɗin sefa, har da Nijar, suka sa hannu bisa yarjejeniyar da ta kafa ƙungiyar kula da kasuwannin inshora ta CIMA, mai mazauni a Libarbil, kundin dokokinta kuwa ya soma aiki ranar 15 ga Fabrairu 1995. Wannan kundi shi ke hukunta hatsarin da ya auku a Takukut kamar yadda yake hukunta wanda ya auku a Dakar.

Ba mu ne muka fara wannan tunani ba. Maƙwabciyarmu Aljeriya ta yi dokar biyan duk wanda mota ta raunata tun 1974. A shekarar ce ƙasar Niyuzilan ta kafa asusun gwamnati mai biyan diyyar kowane irin hatsari ba tare da an tambayi mai laifi ba, lardin Kebek na Kanada ya bi a 1978 game da hatsarin mota, inda ko direban da ya jawo abin ana yi masa magani a biya shi, amma an rufe ƙofar kai ƙara. Faransa ta yi tata dokar ranar 5 ga Yuli 1985, lokacin da Robert Badinter yake ministan shari'a, kuma daga gare ta ne masu rubuta kundin CIMA suka ɗebo da yawa. Sai dai tamu ba irin ta Kebek ba ce. Ta tsaya a tsakiya: ta ɗauke maganar laifi daga kan wasu, ta bar ta a kan wasu. Sanin wa ke wannan ɓangare, wa ke wancan, shi ne rabin fahimtar dokar.

Aya ta 200 ta wajabta ma duk mai abin hawa mai inji ya yanki inshorar da za ta biya waɗanda abin hawansa ya cutar. Aya ta 228 kuwa, wadda ita ce zuciyar maganar, ta ce duk wanda ba direba ba ne za a biya shi diyyar raunin jikinsa, ba za a kafa masa hujja da kuskurensa ba, sai fa idan shi ne ya nemi cutar da gangan. Ma'ana, tsohuwar da ta tsallaka kwalta ba ta duba ba, da yaron da ya biyo akuya a guje, da makiyayin da ya kora garke cikin duhu, da wanda ya hau bayan mota ya zauna bisa buhun gero, duk doka tana tare da su. A nan kundin namu ma ya fi na Faransa sassauci, domin can an bar wata ƙofa da za a iya hana baligi diyya idan kuskurensa ya wuce misali kuma shi kaɗai ya jawo hatsarin. Haka kuma kamfani ba zai ce taya ce ta fashe, ko guguwa ce ta rufe hanya, ko wani ne ya gitta, don ya tsere ma biya ba. Matar direba da ƴaƴansa da ke cikin motar su ma doka ta lissafa su cikin waɗanda ake biya.

Akwai wata aya da ta fi kowace dacewa da ƙasar Damargu, amma da wuya ka ji an ambace ta. Kowa ya san yadda ake loda motocin kasuwa a hanyoyin Gangara da Tarka da Tenhiya: kaya a ƙasa, dabbobi a tsakiya, mutane a sama. Sau da yawa idan irin wannan mota ta kife, sai ka ji ana ce ma waɗanda suka ji ciwo ai babu abin da za su samu, tunda lodi ya wuce ƙa'ida, ko kuwa karen mota ne ke tuƙi ba shi da lasisi. Aya ta 210 ta ce ba haka ba ne. Waɗannan sharuɗɗa tsakanin kamfani ne da mai mota. Kamfani zai fara biyan wanda aka raunata, daga baya ya bi mai motar ya karɓi kuɗinsa. Abin da ke hana biya shi ne a ce motar ba ta da inshora ko kaɗan, ko kuwa wadda take da ita ta ƙare.

Direba kuwa maganarsa dabam ce. Aya ta 227 ta ce kuskurensa yana rage masa diyya ko ya hana shi, inshorar dole ta motarsa kuma ba ta biyan raunin jikinsa. A nan ne matasanmu masu babura ya kamata su buɗe kunne, domin a idon doka mai babur direba ne daidai da mai tanki. Idan ɗan kabu-kabu ya shiga gaban mota ba bisa ƙa'ida ba, wanda ya goyo za a biya shi, shi kuwa sai an auna kuskurensa. Mai amalanke ba ya cikin wannan sahu, tunda jaki ba inji ba ne. Amma a lura: sassaucin nan na jikin mutum ne kawai. Dukiya har yanzu da ma'aunin laifi ake auna ta. Makiyayin da mota ta kaɗe shi tare da raƙumansa biyu, za a biya karayar ƙafarsa ba gardama, amma kuɗin raƙuman sai an duba ko ya yi sakaci wajen tsallakar da su.

To, me aka karɓa a hannun talaka a madadin wannan sassauci? An karɓe ma alƙali ikon yanke kuɗi yadda ya gani. Doka ta zo da jadawali, jadawalin kuwa an ɗaure shi ga albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda a biya ma'aikaci, wanda ake kira SMIG. A Nijar wannan albashi ya tsaya a sefa 30.047 a wata tun 2012, kafin a ɗaga shi zuwa 42.000 daga watan Janairu 2024, watau jikka 504 ke nan a shekara. Kusan kowane lissafi daga nan yake tashi. A rubutun kundin na farko, raɗaɗin ciwo an kasa shi hawa takwas, daga kashi 5 cikin ɗari na albashin shekara zuwa kashi 300. Baƙin cikin rashin miji ko mata an yi masa kashi 150, na ƙaramin yaro da ya rasa mahaifi kashi 75, na uwa ko uba kashi 50, na ɗan uwa kashi 25. Kuɗin magani ana mayar da su ne bisa rasit, kuma ba su wuce ninki biyu na farashin asibitin gwamnati ba. Gyaran da aka yi a 2014 ya ɗaga wasu daga cikin iyakokin, ya kuma tsananta tara ga kamfanin da ya yi jinkiri, amma ginshiƙin lissafin bai sake ba.

Ba za mu ce jadawali abin ƙi ne ba. Ya hana son kai, ya sa mai gata da marar gata su san abin da ke jiransu. Amma an ɗinka rigar ne bisa jikin ma'aikacin birni, mai takardar albashi da lambar asusu, aka kawo ta Damargu aka ce manomi ya sa.

Mu ɗauki misali. A ce manomi ne daga wani ƙauye na ƙasar Gangara, ya hau mota zai je Tanut sayen iri a farkon damina, motar ta faɗi, ya karye a cinya, likita ya rubuta masa hutun wata uku. Aya ta 259 ta ce ma'aikaci ana duba albashinsa na watannin baya, ɗan kasuwa ana duba takardun harajinsa, wanda ba shi da shaidar abin da yake samu kuwa sai a lissafa masa SMIG. Manominmu ba shi da ko ɗaya cikin biyun farko, saboda haka zai samu 42.000 sau uku, watau jikka 126. A takarda hutun wata uku ya yi. A gaskiya kuwa shekara guda ya rasa, domin a Damargu damina ɗaya ce, gajera ce kuma, wanda bai yi shuka da noman farko ba ya gama da wannan shekara. Rumbunsa zai kwana wayam, ya sayar da tumakin matarsa, ƙila babban ɗansa ya kama hanyar Agadas ko Libiya. Babu layi ɗaya a cikin jadawalin da ya san bambancin karaya a watan Yuli da karaya a watan Fabrairu.

Idan kuma ƙafar ta warke a gurguje, sai a shiga aya ta 260. Likita zai ƙiyasta nakasar kashi nawa ce cikin ɗari, a haɗa da shekarun mutum, a fitar da kuɗi. Amma asarar abin da zai riƙa samu nan gaba ba a biyan ta sai nakasar ta kai kashi 50. Ga magatakarda mai zama bisa kujera, gwiwar da ba ta lanƙwasawa abin damuwa ne, amma aikinsa na nan. Ga makiyayin da ke bin shanu daga kwarin Tarka zuwa arewa, ko mai jan ruwa a rijiya mai gaba da yawa, wannan gwiwa ita ce jarinsa duka. Ma'auni ɗaya ne ake auna su da shi, a ce an yi adalci.

Duk da haka, da ma ƙaramin kuɗin nan yana isa hannun masu shi, da kukanmu ya ragu. Inda abin ya fi ciwo shi ne hanyar da ake bi kafin a kai gare shi.

Takarda ta farko ita ce ta binciken jandarma ko ƴan sanda, wadda direbobi ke kira konsta. Ita ce ke nuna cewa hatsarin ya auku, da ranar, da motar, da kamfanin da ya yi mata inshora, da sunayen waɗanda abin ya shafa. Kundin ya ce a aika ma kamfani kofinta cikin wata uku. Amma gundumar Tanut da ta Belbeji, wadda aka ɗaga zuwa matsayin gunduma a 2011, ƙasa ce mai faɗin gaske, mafi yawan hanyoyinta rairayi ne. Kafin labari ya kai ga jandarma, kafin su samu mota da mai su iso, an ɗaga motar, an kwashe masu rauni, kowa ya kama gabansa. Wanda sunansa bai shiga wannan takarda ba, sai ya sha wuya kafin ya tabbatar cewa yana cikin motar.

Ta biyu ita ce shaidar likita ta ranar farko. A nan al'adarmu ce ke kayar da mu. Wanda ya karye, danginsa sukan fi amincewa da mai ɗori, sau da yawa ma sukan sace shi daga asibiti da dare su kai shi ƙauye. Ba mu zo mu yi jayayya da gwanintar masu ɗori ba, akwai waɗanda suka gaji abin kaka da kakanni. Amma mai ɗori ba ya rubuta takarda, ba shi da hatimi, ba ya ba da rasit. Wanda bai bi ta asibitin gundumar Tanut ko babban asibitin Damagaram ba, ko aƙalla gidan likita mafi kusa, a rubuta abin da ya same shi, to a wurin kamfani kamar bai ji ciwo ba ne. Ko da mutum ya ƙudura zuwa wurin mai ɗori, ya fara tsayawa a ga likita, ya karɓi takardarsa.

Ta uku ita ce mafi nauyi, kuma tana faɗa ma waɗanda suka fi kowa rauni, watau gwauraye da marayu. Idan an yi rasuwa, aya ta 241 tana neman takardar mutuwa, da shaidar abin da ya jawo ta, da hukuncin kotu mai nuna su wa ne magada, da takardun haihuwa da na aure, da shaidar cewa magadan suna raye. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: mata nawa ne a rugagen Fulani da zangon Buzaye da ƙauyukan Dagira suke da takardar aure? An ɗaura aure gaban liman da shaidu, an raba goro, an haifi ƴaƴa shida, babu wanda aka rubuta. Ranar da mijin ya rasu a hanya, sai a ce ma matar ta kawo shaidar cewa ita matarsa ce. Sai ta nemo shaidu, ta biya musu kuɗin mota zuwa kotu, a yi hukuncin maye gurbin takardar haihuwa ga kowane yaro, sannan a yi na magada, sannan ta kama hanyar Damagaram, kusan kilomita 150 daga Tanut, daga Belbeji kuwa ya fi haka, wani lokaci ma a ce mata takardun an aika Yamai. Da yawa sukan auna kuɗin zirga-zirga da abin da ake tsammani, su ce a bar ma Allah.

Doka ta ɗaure kamfani da lokaci. A tsohon rubutun kundin, an ba shi wata 12 daga ranar hatsari ya gabatar ma mai rauni da tayin diyya, wata 8 kuma idan rasuwa ce. Shi ne zai nemi mai haƙƙi, ba mai haƙƙi ne zai yi ta roƙo ba. Idan an sasanta an sa hannu, mutum yana da kwana 15 da zai iya warware yarjejeniyar in ya ga an saɓa ma doka, bayan haka a biya shi cikin wata guda. Idan ba a daidaita ba sai a je kotu. Tsari ne mai kyau. Sai dai wannan agogo yana tsayawa muddin kamfani ya aika wasiƙa yana neman bayani ba a ba shi amsa ba. Wasiƙar da Faransanci take, an aika ta ga mutumin da ba shi da akwatin gidan waya, wanda ƙila a lokacin yana mashekari da dabbobinsa. Ba wanda ya karya doka, amma ba wanda aka biya. A cikin wannan rami ne ƴan tsakiya suke kiwo, masu cewa kawo takardunka in bi maka, su karɓi wakilci da dangwalen yatsa, kuɗi su fito, mai haƙƙi ya ga abin da suka ga dama.

Sai mu zo ga maganar yafewa, wadda muke taɓawa da ladabi domin ta shafi zuciya da imani. Mutanen Damargu suna jin kunyar a ce sun ci kuɗin jini, suna kuma jin nauyin direba, wanda sau da yawa ɗan gari ne, ko suruki, ko maƙwabci. Wannan hali ne na mutunci. Amma abu biyu ya kamata a sani. Na farko, kuɗin ba daga aljihun direba suke fitowa ba. Mai mota ya riga ya biya tun ranar da ya yanki inshora, domin irin wannan rana. Wanda ya ce ya yafe, ba direba ya yafe ma ba, kamfani ya yafe ma, kamfanin kuwa bai zo gaisuwa ba. Tuhumar da hukuma za ta yi ma direba idan ya yi ganganci hanyarta dabam, neman diyya ba ya ƙara ta, barinsa kuma ba ya kashe ta. Na biyu, malamanmu sun fi mu sanin cewa shari'ar Musulunci ta tanadi diyya a kisan kuskure, raƙuma 100, kuma ta ɗora ta bisa dangin wanda ya yi kuskuren su haɗu su biya, don kada nauyin ya murƙushe mutum guda. Tunanin a raba nauyin kuskure a kan jama'a ba baƙo ba ne a gare mu. Mun san akwai malaman da ke da ja game da yadda kamfanonin inshora ke juya kuɗi, wannan muhawara tasu ce, ƙungiyar CIMA ma ta buɗe ƙofar inshorar takaful a 2019. Amma babu malamin da zai ce baffa yana da ikon kyautar da rabon maraya don a yabe shi a zaure. Baligi ya yafe nasa in ya so. Na yara amana ne, shi ya sa aya ta 234 ta ce duk sulhun da ya shafi yaro sai an kai shi gaban iyayensa da ke raye, in babu su gaban alƙali ko majalisar dangi, an amince.

Akwai kuma waɗanda duk wannan bayani bai amfane su da kome ba: wanda motar da ta kaɗe shi ta gudu cikin dare, da wanda abin hawan da ya raunata shi ba shi da inshora. A cikin dajin Damargu, inda babura da tsofaffin motoci ke shekara ba su haɗu da shingen jandarma ba, waɗannan ba kaɗan ba ne. Dokar da ta ce ba ruwanta da laifi tana aiki ne idan akwai kamfanin da za a kama. Kundin CIMA ya hango haka, ya tanadi kowace ƙasa ta kafa asusun lamuni na musamman domin irin waɗannan mutane, ƙasar Senegal kuwa ta kafa nata tun cikin shekarun 1990. Muna kira ga ma'aikatar kuɗi, wadda kula da kamfanonin inshora ke hannunta, ta sa wannan magana a gaba, har ranar da mutumin Belbeji zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan motar da ta kashe ɗansa ba a san ta ba.

Mafi yawan gyaran da ake bukata ba ya neman a sake doka, ba ya kuma neman kuɗi masu yawa. Kamfanonin da suka iya kai wakilansu kusa da tasha domin sayar da inshora, sun iya kai su domin karɓar takardun masu rauni. Ko rana ɗaya ce a wata, ranar kasuwar Tanut, wakili ya zauna da mai fassara, ya karɓi takardu ya ba da shaidar karɓa mai kwanan wata, wannan kaɗai zai rage rabin wahala. Jandarma su ba kowane mai rauni ko danginsa ƴar takarda mai ɗauke da lambar mota da sunan kamfani da lambar binciken tun a ranar. Asibiti ya mayar da rubuta shaidar farko wajibi ga duk wanda aka kawo daga hatsari, ko ya nema ko bai nema ba. Kotu, a zaman da take fita yi cikin ƙauyuka domin takardun haihuwa, ta haɗa da na aure da na magada. Gidajen rediyon karkara kuma su karanta ayoyin nan da Hausa da Tamajak da Fulatanci da Barbarci, sarakuna da masu gari su daina rufe zaman sulhu kafin a tambaya ko motar tana da inshora.

Abu ɗaya ne ya fi ƙarfin prefe da magajin gari, shi ne jadawalin kansa, domin majalisar ministocin ƙasashen CIMA ce kaɗai ke iya taɓa shi. Nijar tana da kujera a wannan majalisa, tare da Mali da Burkina Faso da Cadi, waɗanda su ma yawancin jama'arsu manoma ne da makiyaya. Ya dace wakilanmu su nemi a yarda da wasu shaidun samu banda takardar albashi da ta haraji: shaidar ma'aikatar noma game da faɗin gona da abin da take bayarwa, katin allurar dabbobi mai nuna yawan garke, rasit na kasuwar dabbobi. Su kuma nemi a duba lokacin da raunin ya faɗo cikin shekarar noma, a sassauta iyakar kashi 50 ga wanda da ƙarfin jikinsa yake ci.

Kafin nan, ga abin da ya kamata kowane gida ya sani. Kundin ya ba da shekara biyar daga ranar hatsari domin neman diyya, bayan haka ƙofa ta rufe. Wanda abin ya same shi shekara biyu ko uku da suka wuce, aka yi zaman dattawa aka watse, haƙƙinsa bai mutu ba tukuna. Ya fara da ofishin jandarman da suka yi binciken, ya nemi lambar takardar da kwanan watanta da sunan kamfanin da ya yi ma motar inshora, sannan ya koma asibitin da aka fara kai shi a duba masa rajista.